Hatimin Masassaƙi da Shafin Ƙarshe: Daga Edo Zuwa Haɗejiya



Duk wanda ya tashi a Haɗejiya, ko Auyo, ko Kafin Hausa, ko Birniwa, da wuya a ce bai taɓa ganin Alƙur'ani rubutun hannu ba. A ciro shi daga gafaka, a kwance igiyar tadarishi, sai ga takardu a jere ba ɗinki, baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da rawaya. Yawancinmu farkonsa muke buɗewa, mu yaba zayyana, mu mayar. Kaɗan ne daga cikinmu ke juyawa zuwa takardar ƙarshe. A can ne, bayan Suratun Nasi, sau da yawa mai rubutun yake barin 'yan layuka. Yakan gode wa Allah da ya ba shi ikon kammalawa, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci har da sunan wanda ya sa a rubuta, ya ambaci rana da wata, sannan ya roƙi gafara ga kansa da iyayensa da malamansa.

Waɗannan 'yan layuka su ne batunmu na yau. Su ne wurin da mai aikin hannu yake cewa, "ni ma da ni aka yi." Don mu ga darajarsu sosai, za mu fara zuwa wata ƙasa mai nisa inda masu aikin hannu suka daɗe ba su samu irin wannan gurbi ba, watau Japan. Daga nan mu dawo gida mu duba yadda kakanninmu suka yi, da yadda mu muke yi a yau.

Daga ƙarni na 17 zuwa na 19, birnin Edo, wanda aka sauya wa suna zuwa Tokyo a 1868, ya shahara da wasu hotuna da ake bugawa da allon katako, ana kiransu ukiyo-e. Hotunan 'yan wasan kwaikwayo ne, da 'yan kokawa, da kyawawan mata, da duwatsu da hanyoyi. Kayan talakawa ne, ana sayar da ɗaya a kan kuɗin da bai wuce na kwanon taliya ɗaya ko biyu ba. Wanda ya fi shahara a cikinsu a yau shi ne hoton nan na ƙatuwar igiyar ruwa da ta taso za ta rufe jiragen masunta, dutsen Fuji yana can nesa ɗan ƙarami. An buga shi wajen 1831, kuma duniya ta san shi da sunan mutum ɗaya, Hokusai.

Amma hannu huɗu ne ke haɗuwa kafin irin wannan hoto ya fito. Akwai mai kamfanin ɗab'i, wanda ke zuba jari ya zaɓi abin da za a zana. Akwai mai zane, wanda ke zana hoton da baƙar tawada a kan takarda shara-shara. Akwai masassaƙi, wanda suke kira horishi. Sai mai bugu, wanda suke kira surishi, shi ke shafa launi a allo, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani ɗan faifai da aka naɗe da ɓawon gora.

Mu tsaya a kan masassaƙin. Idan zanen ya iso gare shi, sai ya kifa shi a kan allon iccen ceri mai tauri, ya manne shi, ya murje bayan takardar har layukan su bayyana. Sannan ya ɗauki wuƙa ya bi kowane layi ta gefe biyu, ya ƙwaƙule duk inda babu zane, ya bar layukan a tsaye. Kafin ya gama, takardar da mai zane ya zana ta ƙare ƙurmus, ta bi ɓarɓashin katako. Ke nan duk layin da ido ke gani a hoton da aka buga, wuƙar masassaƙi ce ta fitar da shi. Tun daga 1765, lokacin da aka fara buga hotuna masu launi da yawa a zamanin mai zane Suzuki Harunobu, kowane launi da nasa allon, hoto ɗaya yakan ci allo goma ko fiye. Dole kuma su dace da juna daidai wa daida, da taimakon wasu 'yan alamomi biyu da ake sassaƙawa a gefen kowane allo.

Koyon wannan sana'a yakan kai shekara goma. Yaro yakan fara da sassaƙa haruffa, ya wuce zuwa tufafi, sannan hannu da ƙafa. Fuska da gashin kai kuwa sai babban gwani, don a goshin mace ɗaya sai ya fitar da silin gashi da yawa a faɗin da bai wuce ƙwayar gero ba, ba tare da ko ɗaya ya karye ba. Mu da muka san matakan tsangaya, daga kolo zuwa titibiri, zuwa gardi, zuwa alaramma da gwani, wannan tsari ba baƙonmu ba ne.

To, sunan wa ke fitowa a kan hoton? Na mai zane yana nan, da sa hannunsa. Tambarin kamfanin ɗab'i ma yakan fito. Daga 1790 kuma gwamnati ta wajabta a kai kowane zane wurin masu tacewa kafin a sassaƙa, su buga masa wani ɗan hatimi da ake kira kiwame, alamar an duba an amince. Dokar ba ta wasa ba ce. A 1791 an ƙwace rabin dukiyar Tsutaya Juzaburo, babban mai ɗab'i na Edo, saboda littattafan da ya buga. A 1804 an sa wa mai zane Utamaro ankwa a hannu kwana 50. Abin lura a nan shi ne, da sa hannun mai zane, da tambarin kamfani, da hatimin masu tacewa, duk masassaƙi ne ke sassaƙa su a jikin allo da wuƙarsa. Shi ke fitar da sunan kowa, nasa ne kawai ba ya fitowa. A hoton igiyar ruwan nan akwai sunan jerin hotunan da sa hannun Hokusai, babu sunan wanda ya sassaƙa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi kansa Hokusai ya san gaskiyar lamarin. Littafinsa na hotunan dutsen Fuji guda 100, wanda kashinsa na farko ya fito a 1834, na biyu a 1835, wani gwani mai suna Egawa Tomekichi ne da yaransa suka sassaƙa shi, kuma an rubuta sunansa a ƙarshen littafin. Akwai wasiƙun Hokusai da suka tsira, inda yake roƙon masu ɗab'i su ba Egawa aikinsa na gaba. A wata kuma yana kukan cewa masassaƙa suna sauya masa idanu da hancin mutanen da ya zana, suna mayar da su irin na wata makarantar zane da suka saba da ita. Duk wanda mai taifin ya taɓa "gyara" masa karin harshen Haɗejiya ko na Sakkwato ya mayar da shi Kananci, ya san abin da ke cin zuciyar tsohon nan.

Sai wajen tsakiyar ƙarni na 19 ne sunayen masassaƙa suka fara yawaita a kan hotuna ɗaiɗaiku. Akan yi ɗan akwati a gefe, a rubuta kalmar hori, watau sassaƙa, sannan guntun sunan mutumin. Yokogawa Takejiro ya zama Hori Take, Koizumi Minokichi ya zama Hori Mino. Sunayensu na nan a kan hotunan manyan masu zane irin su Kunisada da Kuniyoshi. A wannan zamani kuma, daga 1852, aka riƙa ƙara hatimin da ke nuna shekara da wata. Yau waɗannan ƙananan hatimai su ne makaman masu bincike. Da su ake gane shekarar da aka buga hoto, da bambanta bugun farko da na baya, da bin sawun gwani ɗaya daga wannan kamfani zuwa wancan. Ɗan akwatin da bai kai farce ba shi ya hana sunan Hori Take ɓata.

Mu dawo gida, a daidai wannan zamani. A 1851, lokacin da Hori Take ke kan ganiyarsa a Edo, Haɗejiya tana cikin rikicin Sarki Buhari ɗan Sambo. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tura Waziri Abdulƙadir aka tuɓe shi aka naɗa ɗan uwansa Ahmadu, amma Buhari ya dawo ya karɓe garinsa da ƙarfi, ya ci gaba da mulki ba ya bin Sakkwato har ya rasu a 1863 a yaƙin Gogaram, ƙasar Bade. Daular da Buhari ya bijire wa daula ce ta takarda. Umarni, da ƙara, da labarin yaƙi, duk a rubuce suke tafiya da Larabci tsakanin Sakkwato da masarautu, haka ma tsakaninta da Barno, wadda Haɗejiya ke kan iyakarta. Wasiƙun Sarkin Musulmi da na Shehun Barno da yawa da suka tsira suna ɗauke da hatimi. Lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927.

Hatimin sarauta ɗan uwan kiwame ne. Sunan mai iko yake ɗauka, aikinsa shi ne ya tabbatar wa mai karɓar wasiƙa cewa maganar daga sama ta fito. Magatakardan da ya tsara kalmomin, da mai sana'ar da ya ƙwaƙule haruffan hatimin a juye don su fito daidai a takarda, ba a yi hatimin don su ba. Ta wannan fuska mu da Edo ɗaya muke: hatimin mai mulki shi ke riga na mai aiki samun wuri.

Inda muka bambanta shi ne a zauren malamai. A nan mai kwafa yana da gurbinsa tun da daɗewa, watau shafin ƙarshen da muka fara da shi. Kafin zuwan injin ɗab'i, duk littafin da ɗalibi zai karanta, Ahalari ne ko Ishmawi ko Risala ko Ishiriniya, sai wani ya zauna ya kwafe shi harafi bayan harafi. Alƙur'ani kuwa, a tsarin tsangayun gabas da ƙasar Haɗejiya ta yi suna da su, rubuta shi da ka, izu 60 cif, shi ne shaidar cewa hadda ta zauna. Aiki ne na watanni. Da yake takardun ba a ɗinke suke ba, mai rubutu yakan sa kalmar farko ta takarda mai zuwa a ƙasan wadda ya gama, don ko iska ta watsa su a iya jera su. Idan ya kai ƙarshe sai ya sa sunansa. Wasu kan rubuta cewa mai rubutun shi ne mai littafin, wasu su raba, su ce wane ya rubuta, wane ya mallaka.

Duk da haka, ko a wannan kyakkyawar al'ada akwai hannuwan da suka rage a waje. Mu ƙirga su. Masassaƙin da ya fafe allon da alaramman ya yi hadda a kai. Wanda ya yanko gamba ko kara aka fiƙe alƙalami. Wanda ya tsinko 'ya'yan bagaruwa a fadama da wanda ya ɓamɓaro ƙaro a daji aka haɗa tawada. Majemin da ya jeme fata, da badukun da ya ɗinka gafaka da tadarishi. Alƙur'ani ɗaya na rubutun hannu ya taɓa kogi da daji da kasuwa kafin ya isa zaure. Abin mamaki, cikin masu kawo kayan aikin nan mutum ɗaya ne ya iya cusa hatiminsa a cikin littafin, shi ne mai yin takarda a Italiya. Idan aka ɗaga tsohuwar takarda aka haska ta da rana, sau da yawa akan ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikinta. Irin wannan takarda daga yankin Banis take fitowa, iyalin Galvani na cikin mashahuran masu yin ta, ta biyo ta Tarabulus ta ƙetaro Sahara a kan raƙuma. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 sannan ya bi ta Gumel zuwa Kukawa yana jin labarin yaƙe-yaƙen Buhari a hanya, ya lissafa ta cikin hajar da ake kawowa Kano. Yau masu binciken rubuce-rubucenmu da wannan tambari suke kintatar shekarun littafin da ba a sa masa shekara ba, kamar yadda ake yi da hatiman Edo.

Mawaƙanmu na da ma ba su yi sakaci da shafin ƙarshe ba. Da yawa sukan rufe waƙa da sunansu, sannan su sa ramzi, watau kalmar da idan aka lissafa haruffanta za ta ba da shekarar Hijira da aka yi waƙar. Kuma ba su ɓoye cewa aiki ya bi ta hannu da yawa. Waƙar Tabbat Haƙiƙa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Mun san haka ne domin an kiyaye sunan kowa da abin da ya yi. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne. Duk baitin nasa da muka karanta a takarda, wani mai ido ne ya saurara ya rubuta. Wannan ma horishi ne irin namu, kuma da ya yi ganganci da tuni mun gaji kuskurensa a matsayin maganar Namangi.

Da boko ya shigo, sai tsarin ya fara karkata zuwa bango, inda suna ɗaya ke zama. Littafin Magana Hausa na 1885 yana ɗauke da sunan J. F. Schön, alhali babban kaso na abin da ke ciki daga bakin Dorugu ya fito, yaron nan Bahaushe da ya bi Barth har Ingila. Tarin tatsuniyoyi da al'adu da R. S. Rattray ya buga a 1913, Malam Shaihu ne ya rubuta su da ajami a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda har gobe muke komawa gare shi idan kalma ta shige mana duhu, malamai Hausawa ne suka taya shi tattarawa da tantancewa, cikinsu har da Malam Mahmudu Ƙoƙi na Kano. Adalci shi ne a ce ba a share waɗannan sunaye gaba ɗaya ba, akan same su a gabatarwa ko a cikin littafin. Sai dai mai karatu bango yake riƙewa, shi ya sa muke cewa "Bargery ya ce", ba ma cewa "Mahmudu Ƙoƙi ya ce".

Haka abin ya ci gaba a Zariya. Gasar 1933 ta Hukumar Talifi ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, NORLA ta biyo baya a 1954, sannan NNPC a 1966. Mun haddace sunayen marubutan da na Rupert East. Amma a wancan zamani kowane shafi sai an jera haruffansa na dalma a juye, har da ƙ da ɗ da ɓ masu lanƙwasa, a buga gwaji, a gyara, a sake. Masu wannan aiki su ne suka sa idon Bahaushe ya saba da yadda Hausar boko take a takarda. Ko hotunan da ke cikin Magana Jari Ce, waɗanda suka zauna a kawunanmu tun muna firamare, mu nawa ne muka taɓa tambayar wanda ya zana su? Wata mai zane ce 'yar ƙasar Beljiyam, Jacqueline de Naeyer, wadda ta zama matar East.

A Kano kuwa wani abu ya faru da ya ɗaga darajar mai kwafa. Da injin da ke ɗaukar hoton shafi ya buga shi ya samu, daga tsakiyar ƙarni na 20, sai 'yan kasuwar littafi suka gane cewa almajirai sun fi son rubutun da suka saba gani a allo a kan haruffan Masar. Sai aka riƙa ba gwanayen rubutu aiki su rubuta da hannu, a ɗauki hoton a buga dubbai, a sayar a Kasuwar Kurmi da sauran kasuwanni. Da yake shafin ƙarshe ma hotonsa ake ɗauka, sunan mai rubutun sai ya bi kowane kwafi. Ta haka sunan Sharif Bala Gabari ya shiga tsangayu da masallatai nesa da Kano. Shi ne Hori Take ɗinmu, kuma bai jira wani ya ba shi gurbi ba, al'adar da ya gada ce ta riga ta tanadar masa.

Daga shekarun 1980 aka shiga zamanin adabin kasuwar Kano, zamanin su Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Marubuci shi ke neman kuɗi, ya kai rubutunsa na hannu wurin mai tafireta ko mai kwamfuta, ya nemi mai zanen bango, ya kai maɗaba'a, ya kai wa 'yan kasuwa. Littattafan nan da yawa suna da shafin godiya da sadaukarwa mai tsawo, har da gaishe-gaishen ƙawaye da abokai, kuma wannan abin yabo ne. Amma da yawansu ba su ɗauke da shekarar bugu, shi ya sa masu nazari ke shan wahala wajen tantance wanne ya riga wanne. Hatimin hukuma kuwa bai makara ba. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma daga baya ta waiwayo kan marubuta ta nemi su yi rajista.

Yau mun koma waya. Muna rubutu a WhatsApp da Facebook da Wattpad, ana karanta littattafanmu a YouTube. Babu kukan da ya fi yawa a tsakaninmu kamar na satar fasaha: a kwashe labari shafi-shafi, a goge sunan mai shi, a haɗa shi a fayil ɗaya a yi ta turawa, wani ma ya sayar. Kukan gaskiya ne, kuma duk wanda aka yi wa ya san zafinsa. Amma laifi tudu ne, mu taka namu mu hango na wani. Ƙanwar da ta kwana tana yi mana taifin daga littafin rubutu har babban yatsanta ya ƙage, ina sunanta? Abokin da ya bi labarin ya raba mana "ya ke" da "yake", ya sa lanƙwasa inda muka manta, ina nasa? Wanda ya haɗa bango, da dattijuwar da ta ba mu asalin labarin a tsakar gida, da masuncin da muka tsare da tambaya a bakin kogi don mu san yadda ake jefa birgi da yadda ake kafa mali, duk ina suke? Idan muka fitar da littafi da sunanmu kaɗai, mun yi musu abin da muke kuka ana yi mana.

Wani zai ce, ai magabata da yawa da gangan suka ɓoye sunansu don gudun riya, kuma akwai Alƙur'anai masu kyawun gaske da ba a sa musu suna ba. Haka ne, kuma wanda ya zaɓi ya ɓoye kansa don Allah ba mai ce masa don me. Sai dai shi ya zaɓa. Tawali'u abu ne da mutum ke yi da nasa sunan, ba ya halatta mana mu yi shi da sunan wani. Hanya mai sauƙi ita ce mu tambayi wanda ya taya mu: kina so a sa sunanki? Idan ta ce a'a, shi ke nan. Akwai kuma wata fa'ida. Mai kwafa na da yakan haɗa sunansa da neman afuwa a kan kuskure, don ya san sa suna ɗaukar alhaki ne. Editan da ya san sunansa zai fito ba zai bar shafi cike da kurakurai ba, kamar yadda masassaƙin da hatiminsa ke gefen hoto ba zai bar gashi ya karye ba.

Saboda haka ga shawarar da muke ba kanmu. Duk littafin da za mu kammala daga yanzu, na takarda ne ko na waya, mu yi masa shafin kammalawa irin na malamanmu. Mu rubuta cikakken sunan littafin da na marubuci. Mu sa garin da aka rubuta shi, da ranar farawa da ta gamawa, da shekara a lamba, ta Miladiyya da ta Hijira idan da hali. Mu faɗi wanda ya yi taifin, da wanda ya duba rubutu, da wanda ya yi bango, da wanda ya karanta da murya idan an yi. Idan labarin fassara ne, ko daga fim ko tatsuniya muka ɗauko ƙashinsa, mu faɗa. Idan mun sake gyara shi, mu ce bugu na biyu ne, mu sa sabuwar rana, mu bar tsohuwar a wurinta. Ga mai rubutu a waya, yana da kyau ya maimaita gajeren wannan bayani a tsakiyar littafin, ko a ƙarshen kowane babi, don ɓarawo farko da ƙarshe ya fi saurin yankewa.

Wannan shafi ba zai hana sata gaba ɗaya ba. Amma ranar da gardama ta tashi kan wanda ya fara rubuta labari, shi ne shaidarmu. Kuma nan da shekara 50, idan wani ɗalibi a jami'ar Dutse ko ta Kafin Hausa ya zauna rubuta tarihin adabin waya, zai tarar da suna da gari da shekara, kamar yadda mai binciken hotunan Edo ke tarar da Hori Take a gefen takarda, kamar yadda jikan alaramma a Haɗejiya ke buɗe gafaka ya ga sunan kakansa da ranar da ya ajiye alƙalami.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya ɗauko tsohon littafi ɗaya da ke gidansu, na ajami ko na boko, ya juya ƙarshensa ya gaya mana abin da ya gani. Sannan ya rubuta shafin kammalawa na aikin da ke hannunsa yanzu, ko da bai gama ba, ya ƙirga hannu nawa ne suka taɓa shi. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kwafa mana ilimi da hasken aci-bal-bal, waɗanda suka sa suna da waɗanda suka ɓoye. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke taya mu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.